Manhajojin kyauta: ta ina muke biya?

Injiniya Bauchi Road: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Akwai maganar da nake so mu ɗan tattauna tunda kusan dukkanmu a nan da waya muke neman abinci. Kowa ya buɗe wayarsa ya duba, WhatsApp, Facebook, TikTok, Gmail, YouTube, manhajar gyaran hoto, ta tura fayil, har da waccan da ake cewa wai tana wanke waya ta ƙara mata sauri, babu wadda muka ba ko sisin kwabo. Amma kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp da Instagram, a 2024 kaɗai kuɗin da ya shigo masa ya haura dala biliyan 160, kuma kusan duka daga talla ne. A 2014 da suka sayi WhatsApp wajen dala biliyan 19 suka zuba, lokacin ma dala ɗaya ake karɓa a shekara, da aka shiga 2016 suka ce sun yafe. To mutum ya zuba wannan uban kuɗi sannan ya ce kowa ya zo ya ɗiba kyauta, ruwa dai ba ya tsami banza. Ni so nake mu gane ta ina muke biya, don biya kam muna biya.

Ɗan Terminus: Wa alaikumus salam oga Injiniya. Ai kai da kanka ka ba da amsa, masu talla ne ke biya ba mu ba. Ni gaskiya wannan zancen na wai suna kwashe bayananmu ya daɗe yana ba ni mamaki, ni da nake saida caja da iyafis a bakin titi wane bayani gare ni da wani zai zauna a Amurka yana nema? In sun ga dama su karanta, daga "kaya sun iso?" sai "turo akawun".

Hajiya Mai Atamfa: Salamu alaikum. Ni fa kar a taɓa min WhatsApp a muhawarar nan. Ba ni da shago, ban taɓa biyan haya ba, daga ɗakina a Rikkos nake ɗora atamfa da leshi a sitatus, mata daga Bukuru, daga Bauchi, har Lafia suna saya ina sa musu a mota. Da kuɗin haya zan nema a Ahmadu Bello Way da har yau ban fara ba. In akwai abin da suke ɗauka a wurina to sun ba ni wanda ya fi shi.

Injiniya Bauchi Road: Hajiya ba wanda ya ce ki bari, nima da shi kwastomomina suke nemana. Kuma a yi adalci, saƙon da ke cikin WhatsApp a kulle yake tun 2016, daga mai turawa sai mai karɓa, kamfanin ba ya karanta "turo akawun" ɗin Ɗan Terminus. Abin da ake tarawa shi ne na gefe, lambarka, irin wayarka, da wa da wa kake hulɗa, ƙarfe nawa kake hawa, daga wane yanki. A Facebook da TikTok kuwa har daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo ana lissafawa. Ba kai kaɗai suke so ba ƙanina, ku miliyan ne ake haɗawa a ce wa mai talla ga samarin Jos masu son ƙwallo 'yan shekara kaza, biya mu kai maka su. Amma bar wannan tukuna, mu fara da wanda aljihu ke ji. Tallan bidiyon nan da ke buɗe kansa kana tsakiyar kallon wa'azi ko wasa, da datar wa yake sauka?

Ɗan Terminus: To nan kam ka kama ni, da tawa ne.

Injiniya Bauchi Road: Yauwa. Kuma tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, kowa ya san yadda data take ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Mai talla ya biya kamfanin manhaja, kai kuma ka biya kuɗin dakon tallan zuwa idonka. Ga batir, manhajar da ke aiki a ɓoye ko ka rufe ta tana jan talla tana tura bayani, waya ta yi zafi, a garin da wuta sai an ga dama ka kai ta wurin masu caji ka sake biya, kafin shekara batir ya kumbura ka zo wurina. Duk wannan ba a rubuta shi a wurin da aka rubuta kyauta ba.

Maman Khalil: Sannunku da hira. Injiniya ni abin da ya fi damuna yara ne wallahi. Wasannin nan na kyauta da suke saukewa, yaro yana tsere da mota sai talla ta faɗo, wani lokaci ta caca ce, wani lokaci hoton da ko babba zai kau da kai, kuma alamar rufewar ƙanƙanuwa ce an ɓoye ta a lungu, yana dannawa sai ta kai shi wani shafi. Kwanaki na ga kati yana raguwa a layina kullum ba kira ba komai, ashe an shigar da ni wani tsarin biyan kuɗi na kullum ta irin dannawar nan, ban san ranar da aka yi ba. Naira kaɗan kaɗan ne amma in ka tara na wata kuɗin cefane ne.

Mai Kafe Angwan Rogo: Anti wannan ya zama ruwan dare. Ki tura STOP zuwa 2442, lambar da NCC ta ware ce don hana saƙonnin talla, duk layi tana aiki. Wanda aka riga aka shigar da ke kuma sai kin kira kamfanin layin ko ki je ofishinsu su cire.

Maman Khalil: Na gode ƙanina, Allah ya yi albarka, yanzu zan yi.

Malam na Gangare: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka, kuma ina ganin akwai gefen da ba a taɓo ba, wanda a wurina shi ne mafi nauyi. Ɗan Terminus ya ce ba shi da abin ɓoyewa, to na yarda, haƙƙinsa ne ya bayar da nasa. Amma lambobin da ke cikin wayarka fa ɗana, naka ne? Akwai lambar mahaifiyarka, ta ƙannenka mata, ta matar maƙwabcinka da ta ba ka don ta sayi caja, ta malaminka. Duk mutanen nan amana suka ba ka. Ranar da ka sauke wata manhaja ta ce ka ba ta izinin shiga lambobi ka danna eh ba tare da ka karanta ba, ka ɗauki amanar mutum ɗari uku ko ɗari biyar ka miƙa wa wanda ba ka sani ba, kuma ko ɗaya a cikinsu ba ka tambaya ba. Ka ga a nan ba kai ka biya kuɗin kyautar ba, su suka biya, kai ka more. Manhajar nan Truecaller da kowa ke yabo tana nuna sunan mai kira, a ina ta samo sunayen? Mafi yawa daga wayoyin mutane ne, shi ya sa za ka ga mace ba ta taɓa sauke ta ba amma baƙo ya sa lambarta sunanta ya fito, wani lokaci har da sunan unguwa ko sana'a yadda wani ya ajiye ta a wayarsa. Addininmu ya yi tsanani a kan amana da kuma tonon sirrin mutane, ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya canza don abin ya koma cikin waya ba.

Ɗan Terminus: Allah gafarta Malam wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma kuma in ka hana izinin ai wasu ba sa aiki gaba ɗaya.

Malam na Gangare: Wadda aikinta kira da saƙo ne an fahimta. Amma tocila? Manhajar tocila ko ta kalkuleta me ya haɗa ta da lambar surukarka?

Maman Khalil: Malam ka tuna min. Akwai wata baiwar Allah a layinmu da ta ci bashi a irin manhajojin nan masu cewa ba jingina ba shaida, kuɗi kaɗan ne na maganin yaro, ta makara da 'yan kwanaki, sai ga saƙo a wayata da ta sauran mata har da ta limamin unguwa, da hotonta, wai ɓarauniya ce ana nemanta duk wanda ya ganta ya kai rahoto. Ni ban ci bashi ba, ban san manhajar ba, amma lambata tana hannunsu. Matar nan ta daɗe ba ta iya fita ko suna ko biki, aurenta ma da ƙyar ya tsaya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Barista: Innalillahi. Ina gaida Malam da iyayenmu da ke gidan nan. Bari in sa baki ta ɓangaren doka, don da yawa suna ɗauka babu abin da za a iya yi. Abin da aka yi wa matar nan laifi ne, ko da ta ci bashin. Hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin masu bashin intanet ɗin nan a Legas a Maris 2022, daga baya ta tilasta musu rajista, sannan a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Shi ya sa yanzu marasa gaskiyar suka koma turo mahaɗi ta saƙo su ce ka sauke kai tsaye, duk wanda ya ce maka kar ka bi ta Play Store to ka san akwai abin da yake gudu. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, akwai hukumarta NDPC a Abuja, kana da ikon tambayar kamfani me ya tara a kanka, kana da ikon cewa a goge, kana da ikon kai ƙara. Manyan ma ba su tsira ba, a Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, musamman sabuwar ƙa'idar WhatsApp ta 2021 da aka ce ko ka yarda ko ka bari, suka ɗaukaka ƙara, a Afrilun 2025 kotun sauraron ƙorafin ta tabbatar da tarar.

Ɗan Terminus: Yallaɓai to dala miliyan 220 ɗin nan nawa ne rabon talaka a ciki? Bayanan namu ne amma kuɗin gwamnati zai tafi.

Barista: Ba ko kwabo, gaskiyarka. Amfanin tara shi ne ta sa su canza hali. Kuma ga mai cewa bayanin talaka ba shi da daraja, a tuna da badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin tsara yaƙin neman zaɓe, a 2018, bayanan mutum har miliyan 87 aka ɗiba daga Facebook, ta hanyar wata 'yar manhajar tambayoyi ta kyauta, waɗanda suka sauke ta ba su da yawa, sauran duk abokansu ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, daidai abin da Malam ya faɗa. An yi amfani da shi wajen tallan siyasa, Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. Mu da muke Jos mun fi kowa sanin abin da saƙo ɗaya da aka auna aka jefa wa mutanen da ransu ya riga ya ɓaci zai iya haifarwa a gari.

Baba Alhaji Farin Gada: Salamu alaikum 'ya'yana. Yaro ne yake rubuta min ina faɗa. Ni ban iya abubuwan nan naku ba, dankali da tumatir na sani, amma na saurari abin da 'yata Hajiya ta ce kuma ita nake so in yi wa magana. Lokacin da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 ina da abokai a ciki. Wanda kayansa suka ƙone ya yi kuka ya tashi, don kaya ana sake saye. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda littafinsa na bashi da sunayen abokan cinikinsa yake cikin shagon, bai san wa yake bi ba, bai san nawa ba, shekara ashirin na hulɗa ta tafi a dare ɗaya. To ke 'yata, sunayen matan nan na Bauchi da Lafia, da wadda ta biya rabi da wadda ta ce sai ƙarshen wata, a ina suke? In duk a cikin abin nan suke to ki sani littafinki yana ɗakin wani, kuma makullin ba a hannunki yake ba.

Hajiya Mai Atamfa: Baba wallahi jikina ya yi sanyi. Duk a ciki suke, lissafin ma a cikin hirar nake barinsa, in zan tuna bashi sai in koma sama in karanta.

Injiniya Bauchi Road: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya faɗi abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa. Wannan shi ne babban kuɗin da ba a gani, dogaro. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya kusan awa shida, duk mai kasuwa a kansu ya zauna ya naɗe hannu. A shekarar dai gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022, masu saida kaya a can suka rasa inda za su sa kansu. Manhajar hira ta BBM da muka yi yayi muna rabon fin an rufe shi a 2019, Skype ma an rufe a Mayun 2025, 2go kuwa matasan yanzu ko sunansa ba su sani ba. Abin da ba ka biya ba ba ka da bakin cewa don me, in aka kulle maka asusu babu ofis a Jos da za ka je ka buga tebur, fom za ka cike na'ura ta ba ka amsa.

Sannan akwai salon da suke yi, a fara a sake maka komai har ka saba ka zuba rayuwarka a ciki, sai a ja igiya. Google Photos da can ko hoto nawa ka ɗora kyauta ne, daga 1 ga Yuni 2021 aka ce an daina, komai cikin giga 15 ɗin da Google ke ba kowa kyauta zai shiga, kuma giga 15 ɗin ita ce dai ta Gmail da Drive. Daga 2024 kwafin ajiyar WhatsApp na masu Android shi ma ya koma cin wannan wurin. Hajiya ke da kike tura hoton atamfa da bidiyo kullum ba za ki daɗe ba zai cika, in ya cika imel ya daina shigowa, ajiyar ta tsaya, ke ba ki sani ba sai ranar da waya ta faɗa ruwa. Daga nan ko ki goge ko ki fara biya duk wata. Haka manhajojin gyaran bidiyo, abin da kake yi kyauta bara bana an sa masa kwado.

Ɗan Terminus: To oga ni a nan ban ga laifinsu ba fa, kasuwa ce. Nima in sabon kwastoma ya zo ina masa ragi don ya dawo.

Injiniya Bauchi Road: Ragi daban, riƙe kayan mutum daban. Kwastomanka in ya ga dama gobe ya tsallaka rumfar gaba. Wanda ya tara hotunan shekara goma da lambobin kasuwarsa a wuri ɗaya ficewa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sun san da haka.

Ɗaliba Unijos: Salam, ina ta bin hirar daga aji. Ina ganin an haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai kyautar kamfani mai neman riba, akwai kuma manhajojin da masu sa kai suke rubutawa su saki ainihin rubutun da aka gina su da shi a fili kowa ya duba ya gyara, irin Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da Linus Torvalds ya fara a 1991, da LibreOffice mai aikin rubutu irin na Word, da VLC ɗin nan mai alamar hular hanya da kowa ke kallon bidiyo da shi, ba talla ba leƙen asiri. Ni Ubuntu, wani nau'in Linux, shi ne a laftof ɗina, tsohuwa ce ta hannu amma tana gudu lafiya, kuma yanzu da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, yawancin laftof ɗin da ɗalibai ke saya na hannu ba za su ɗauki Windows 11 ba, to mafita ai ita ce wannan, ba wai mu zauna muna kuka ba.

Mai Kafe Angwan Rogo: Ƙanwata na ji daɗi da kika kawo wannan don nan ne fagena. Abin da kika faɗa gaskiya ne amma shi ma da kuɗinsa, sai dai ba naira ba ne, lokaci ne. Ke kina karanta kwamfuta, in abu ya ƙi ki shiga intanet ki nemo gyara. Ni kuma ɗalibi ne zai zo da furojet shafi tamanin da aka buga a Word, malaminsa ya ce gobe da safe, in na buɗe a wata manhaja daban teburi ya goce, lambar shafi ta koma wani wuri, wa zai zauna gyarawa ga layi ga janareta yana shan mai? Wata firintar ma ba za ka samu abin haɗa ta da Linux cikin sauƙi ba. Masu buga katin biki da kalanda duk CorelDRAW suka iya, fayil ɗinsa suke kawowa. Yaran shagona sai na koya musu daga farko, kuma duk wanda ya iya sai ya tafi. A garin nan mutum nawa ne za ka kira su zo su gyara maka Linux in ya tsaya ranar da ake rajistar JAMB?

Ɗaliba Unijos: Yaya to ai haka za a yi ta zama, ba a koya don babu masu yi, babu masu yi don ba a koya. Kuma ka faɗi gaskiya, Windows da Corel ɗin da ke yawancin shagunan garin nan na lasin ne?

Mai Kafe Angwan Rogo: Ba na lasin ba ne, mai kirak ne, kowa ya sani, kuma shi ne mafi tsadar kyauta duk a cikinsu. Wanda ya zauna ya fasa sofwaya ya ɗora a shafi ba don Allah ya yi ba, sau da yawa akwai abin da ya cusa a ciki, kuma matakin farko da za a ce maka shi ne kashe antibairos kafin ka saka, kai da hannunka ka buɗe ƙofa. Daga nan ba ka karɓar sabuntawa don tsoron kar a gane. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da ɗari har asibitocin gwamnatin Ingila, ta kan Windows da ba a sabunta ba ya bi. Na ga ɗalibar da aikin shekara guda ya koma gajerun alamomi a filash saboda ta sa shi a irin waɗannan kwamfutoci, ga kuka ga babu kwafi. Sannan a kwamfutar da ba ka san me ke cikinta ba mutane ke zuwa su buga NIN da BVN da kalmar sirrin imel. Antibairos na kyautan ma ba duka ne tsarkaka ba, Avast hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 16.5 a 2024 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga, alhali cewa suka yi suna kare ka daga masu bibiya.

Injiniya Bauchi Road: Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma ni ina tare da ɗaliba a kan cewa a koya, musamman makarantun Islamiyya da na boko masu ɗakin kwamfuta, gara yaro ya tashi da LibreOffice na halal da ya tashi da na sata. Amma ita ma wannan kyautar akwai mai biya, su masu rubutawar ne, da daransu da lafiyarsu. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, abin da shafukan duniya da bankuna suka dogara da shi wajen kulle bayanai, sai aka tarar mutane ƙalilan ne ke kula da shi da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba. Disambar 2021 aka sake samun ɓaraka a Log4j, wata manhajar kyauta da kamfanoni da yawa suka dogara da ita, masu sa kai suka kwana gyara manyan kamfanoni suna ta matsa musu. A Maris 2024 kuma wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana ɗauke da ita har ya gaji, wani ya lallaɓo da sunan taimako ya samu yarda ya dasa ƙofar baya, Allah ya sa wani injiniya ya lura da wuri kafin ta yaɗu. Kowa na ɗiba ba mai zubawa, haka abin yake lalacewa.

Ɗaliba Unijos: Wannan haka yake. Ko Firefox ma, wanda ake buɗe shafukan intanet da shi, mafi yawan kuɗin da ke riƙe da shi daga Google yake zuwa, don a bar shi a matsayin wurin bincike na farko. Amma dai ni har yanzu na fi yarda da abin da za a iya buɗewa a duba.

Ɗan Terminus: Tambaya ɗaya oga, GB WhatsApp fa? Rabin 'yan layinmu shi suke yi saboda ana ganin saƙon da aka goge.

Injiniya Bauchi Road: Ka cire shi yau. Ba na kamfanin ba ne, ba a san wanda ya haɗa shi ba, ba ya Play Store, duk hirarka da hotunanka ta hannunsa suke bi, kullewar da na ce akwai a na asali ba wanda zai ba ka tabbacinta a nan, kuma WhatsApp suna rufe lambar da suka kama da shi. Kuma maganar Malam ta dawo, wanda yake maka saƙo bai san ta wace hanya sirrinsa ke bi ba.

Ɗan Terminus: Zan cire. Amma maganar in fara biyan kuɗin wata don ajiyar hoto kam a'a, ban kai nan ba, gara in goge bidiyoyin guruf.

Malam na Gangare: Ba wanda ya wajabta maka biya ɗana. Ka dai shiga setin ka duba wace manhaja ka ba izinin lambobi da makirfo da wurin da kake, wadda ba ta da hujja ka janye. Ni na fara sanar da iyayen ɗalibaina cewa ba zan ƙara jefa lambar uwa a guruf ba sai na tambaye ta.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya ni yanzu ka faɗa min a taƙaice me zan yi, don ba zan bar sitatus ba amma maganar Baba ta tsaya min a rai.

Injiniya Bauchi Road: Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi yau, duk mai bashi da lambarta da abin da ya rage ki rubuta, kullum da dare ki cike. Lambobin kuma a cikin manhajar lambobi akwai wurin fitar da su duka su zama fayil ɗaya ƙarami, sai a sa a filash ko memori a ajiye a gida, duk wata a sabunta. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ki sa fin da ke kaɗai kika sani, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lamba shida da ta shigo wayarki, ko ya ce daga guruf ɗin makaranta ne ko na Islamiyya, ki katse kiran. In abin ya rikice miki ki aiko yaro da wayar ranar Asabar bayan la'asar, duk mai so ma ya zo, ba sai an biya ba.

Baba Alhaji Farin Gada: Allah ya yi muku albarka. Injiniya zan aiko jikana da tawa, lambobin direbobin Fatakwal da Onitsha duk a ciki suke.

Mai Kafe Angwan Rogo: Nima zan leƙo in taya ka. Amma don Allah kowa ya zo da sabon filash ko wanda bai yi yawo a shaguna ba, in kuma tsoho ne a faɗa min tun a ƙofa in duba shi kafin a sa a laftof ɗin Injiniya.